Ƙungiyoyin Sa Kai da Samar wa Matasa Aiki Mai Mutunci: Darasi Daga Isolo da Agege

A ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta faɗaɗa dokar hana haya da babur, wato acaɓa ko okada, zuwa ƙananan hukumomin Oshodi-Isolo da Mushin da Shomolu da Kosofe, bayan ta riga ta hana sana'ar a wasu ƙananan hukumomi shida tun ranar 1 ga watan Yuni na shekarar. Dokar ta tanadi ƙwace babur da murƙushe shi, da kuma ɗauri ga direba da fasinja. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a matasa ne 'yan ci-rani daga jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar. A wayewar gari guda suka tarar da kansu babu abin yi, babu kuɗin sallama, babu takardar shaidar wata sana'a da za su nuna a wani wuri, wasunsu ma da sauran bashin babur a wuyansu.

Wannan al'amari ya sake tado da tambayar da ta daɗe tana damun masana tattalin arziki da shugabannin unguwannin Hausawa na Ikko, irin su Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12: wane ne zai samar wa matashi aikin da ba zai rushe da sanarwa guda ba? Gwamnati ba ta da guraben da za su ishi kowa, kamfanoni kuwa riba suke nema. Saura ƙungiyoyin sa kai, waɗanda aka kafa ba don riba ba. Ya kamata 'yan kasuwa su san iyakar abin da waɗannan ƙungiyoyi ke iyawa, domin su ne ake nema su ba da gudunmawa, kuma su ne a ƙarshe za su ɗauki matasan aiki.

Ma'anar Aiki Mai Mutunci

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ita ce ta yayata wannan kalma a shekarar 1999, a rahoton da babban daraktanta na lokacin, Juan Somavia, ya gabatar wa babban taronta a Geneva. Bisa ga bayaninta, aiki mai mutunci yana tsaye ne kan ginshiƙai huɗu: samuwar aikin da ke kawo abin da zai riƙe mutum da iyalinsa, kiyaye haƙƙin ma'aikaci, kāriya idan ciwo ko haɗari ko tsufa ya zo, da kuma damar zama a tattauna tsakanin ma'aikata da masu ba da aiki da hukuma. A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan manufa a matsayin ta takwas cikin muradun ci gaba mai ɗorewa.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna amfanin wannan bambanci. A rubu'in ƙarshe na shekarar 2020 hukumar ta ce marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 34 kuwa kashi 42.5. A shekarar 2023 ta sauya ma'auni, inda ta riƙa lasafta duk wanda ya yi aikin sa'a guda a mako a matsayin mai aiki, sai adadin marasa aiki ya faɗo zuwa kashi 4.1 a rubu'in farko na shekarar. Amma rahoton da ya kawo wannan adadi shi ne kuma ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista. Ke nan matashin da ke tura baro a Mile 12, ko ga-ruwa a Isolo, ko ɗan gwangwan da ke yawo da amalanke, duk masu aiki ne a takarda. Abin da ba su da shi shi ne tabbacin gobe.

Dokokin ƙasa sun tanadi wannan tabbaci, sai dai ba su kai ga mafi yawansu ba. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ba da aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, domin biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. A shekarar 2024 an ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa Naira 70,000, Jihar Legas kuma ta yanke Naira 85,000 ga ma'aikatanta, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, alhali a irin waɗannan ƙananan wurare ne akasarin matasa ke neman abinci.

Yadda Ƙungiyoyin Suka Shigo

Isolo unguwar masana'antu ce da ke kan babbar hanyar Oshodi zuwa Apapa. A zamanin da masaƙu irin su Afprint da Aswani ke saƙa, matashi kan shiga aiki a matsayin lebura ya koyi sarrafa inji, ya sami albashin wata da ƙungiyar ƙwadago mai tsaya masa. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP da aka soma a 1986, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, sa'an nan rashin wutar lantarki da kwararowar yadi daga waje suka ƙarasa akasarin masaƙun ƙasar. Sunan Aswani a yau an fi saninsa da kasuwar Talata. Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi, wato NDE, a ƙarshen 1986, da Bankin Jama'a a 1989, amma giɓin ya fi ƙarfinsu. Cikin wannan giɓi ne ƙungiyoyin sa kai suka yawaita.

A doka, irin wannan ƙungiya kan yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da sunan amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 1990 wadda aka sabunta a 2020. Sharaɗinta shi ne kada a raba wa 'ya'yanta riba, duk abin da ya shigo ya koma kan manufar da aka kafa ta dominta. Wannan sharaɗi shi ne ƙarfinta, domin tana iya kashe kuɗi kan matashin da babu kamfanin da zai yi kasadar horar da shi. Shi ne kuma rauninta, domin ranar da mai ba da tallafi ya janye hannu aikin na iya tsayawa.

Misalai Daga Legas

Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin da ke Isolo ita ce SOS, wadda Hermann Gmeiner ya kafa a ƙasar Ostiriya a 1949 domin renon yaran da suka rasa iyaye. Ta buɗe gidanta na farko a Nijeriya a Isolo a shekarar 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, daga baya ta buɗe wasu a Owu-Ijebu da Gwagwalada da Jos. Renon yara ya koya mata wani darasi: yaron da aka ciyar aka ilmantar, idan ya girma ya bar gida ba shi da mahaifin da zai kai shi wurin wani ya ce ga ɗana a ɗauke shi aiki. Saboda haka ta ƙara koyar da sana'a cikin ayyukanta. Daga shekarar 2016 ta shiga wani shiri mai suna The Next Economy, wanda Ma'aikatar Harkokin Wajen Holand ta ɗauki nauyinsa a Nijeriya da Mali da Somaliya. A shirin, matasa kan fara da koyon ladubban aiki, sa'an nan a raba su biyu: masu neman aiki a tura su zaman koyo a kamfanoni, masu son kafa sana'a kuma a koya musu tara jarin farko ta hanyar karo-karo daga dangi da abokan arziki.

Akwai wasu ƙungiyoyin a Legas da kowace ta kama ɓangarenta. Gidauniyar FATE, wadda Fola Adeola, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin GTBank, ya assasa a 2000, tana horar da masu ƙananan kamfanoni kan lissafi da tsarin kasuwanci, tana kuma haɗa su da gogaggun 'yan kasuwa masu ba su shawara. Ƙungiyar WAVE, wadda Misan Rewane ta jagoranci kafa ta a 2013, tana zaɓen matasa bisa ga halinsu maimakon takardunsu, ta horar da su na 'yan makonni, ta nema musu gurbi a otal-otal da kantuna da gidajen abinci. Gidauniyar Tony Elumelu ta ƙaddamar da shiri a 2015 na dalar Amurka miliyan 100 cikin shekara goma, inda kowane matashin da aka zaɓa ke samun horo da jarin dala 5,000. Gidauniyar Mastercard kuwa ta ɗaukar wa kanta burin ganin matasan Nijeriya miliyan 10 sun sami aiki mai mutunci kafin shekarar 2030.

Idan aka duba da kyau, babu ɗaya daga cikinsu da ke da masana'antar da za ta ɗebi dubban ma'aikata. Aikinsu shi ne cike abin da ke tsakanin matashi da mai ba da aiki, wato ƙwarewa da shaidarta, da jari, da kuma yarda. Gurbin aikin kansa daga aljihun ɗan kasuwa yake fitowa.

Abin da Bincike Ya Nuna

Bikin yaye ɗalibai da rabon kekunan ɗinki ba su isa shaidar nasara ba. A shekarar 2017 David McKenzie, masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen koyar da sana'a da aka yi a ƙasashe masu tasowa, inda aka kwatanta waɗanda aka horar da takwarorinsu da ba a horar ba. Ya tarar cewa a cikin kowane mutum 100 da aka horar, waɗanda suka sami aiki albarkacin horon ba su kai uku ba, alhali kuɗin horar da mutum ɗaya kan kai dala 1,000 zuwa 2,000. Babban dalili shi ne horon ba ya ƙara yawan guraben aiki, sau da yawa kuma ana koyar da sana'ar da kasuwarta ta riga ta cika.

Wani gwaji da ƙungiyar BRAC ta yi da masana a ƙasar Uganda, wanda aka buga sakamakonsa a 2020, ya fi ƙarfafa gwiwa. An ɗauki matasa kusan 1,700, aka tura wasu makarantun sana'a na wata shida su koyi walda da makanikanci da aikin famfo da ɗinki da makamantansu, aka tura wasu koyo a hannun masu shaguna, aka bi sawunsu na tsawon shekara huɗu. Dukkan ɓangarorin biyu sun ƙaru, amma ribar 'yan makaranta ta fi ɗorewa, domin suna riƙe da takardar shaidar da kowane mai aiki zai gane. Wanda ya koya a shago, idan ya rabu da maigidansa, sai ya sake fara neman yarda daga tushe.

A gida Nijeriya, McKenzie ya bi diddigin gasar YouWiN da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2011, inda kusan mutum 24,000 suka nema, 1,200 suka ci, kowannensu ya sami kimanin dala 50,000 a matsakaici. Bayan shekara uku, yiwuwar sabon kamfani ya ɗauki ma'aikata 10 ko fiye ta ƙaru da maki 23 cikin 100 ga waɗanda suka sami jarin. Darasin a nan shi ne jari mai kauri a hannun wanda ya iya juya shi yakan haifar da aiki ga wasu, ƙaramin jari kuwa yawanci mai shi kaɗai yake riƙewa.

Dalilin da Ya Sa Matasan Zango Ba Su Cin Moriya

Duk da yawan waɗannan shirye-shirye a Legas, ɗan acaɓan da aka ƙwace wa babur a Isolo da wuya ya shiga ɗaya daga cikinsu. Akasarinsu ana neman su ne ta intanet, da Turanci, wasu kuma sai an gabatar da tsarin kasuwanci a rubuce ko takardar gama sakandare. Matashin da ya yi karatun allo ya iya lissafi da ciniki, amma fom ɗin ba ya tambayar wannan. Haka nan ana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki, shirye-shiryen gwamnatin jiha kuma, irin su asusun LSETF da aka kafa a 2016, suna neman katin shaidar zama a Legas na hukumar LASRRA, alhali ɗan ci-rani da ke kwana a rumfa ko harabar masallaci ba shi da adireshin da zai rubuta.

Akwai kuma matsalar lokaci. Wanda ke ci daga abin da ya samu a yini, yana kuma aika wa iyaye da mata a gida, ba zai iya zama aji na wata uku ba tare da kuɗin abinci da na mota ba. Da damina ta faɗi kuma wasu kan koma gona, horon ya katse. Ƙungiyar da ba ta lissafa waɗannan abubuwa cikin kasafinta ba za ta cika ajinta da masu digiri, waɗanda su ma mabukata ne, ta bar na ƙasa inda suke.

Gadon da Hausawa Ke da Shi

Abin da ƙungiyoyin zamani ke ƙoƙarin ginawa, wato yarda tsakanin baƙon matashi da mai dukiya, Hausawan Kurmi sun daɗe da hanyar samar da shi. Agege ta bunƙasa ne a farkon ƙarni na 20 da gonakin goro da tashar jirgin ƙasa, bayan layin dogo daga Ikko ya isa Kano a 1911. Fatake suka kafa Zango, suna sayen goro suna ɗaure shi huhu-huhu zuwa Arewa, suna kuma sauko da shanu. Ginshiƙin wannan ciniki shi ne maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a bashi, ya kuma riƙe yara masu koyon dillanci har ya yi musu aure ya ba su jari. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari ke aiki a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Har yau irin wannan dangantaka ce ke shigar da matasa sana'a a mayankar Oko-Oba da kasuwar Mile 12.

Tsarin yana da gyara. Babu wa'adin yaye a rubuce, babu takardar shaida, kuma idan maigida ya rasu ko ya karye yaro kan tashi a tutar babu. Sai dai an ga yadda za a ɗinke wannan ɓaraka a Kaduna, inda ƙungiyar masu sana'a ta kasuwar Panteka ta haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, domin a jarraba masu koyo a ba su takardar ƙwarewa ta ƙasa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ma ta daɗe tana shirya jarrabawar sana'a mai matakai uku. Ta fuskar jari kuwa akwai zakka da wakafi. A Legas, Gidauniyar Zakka da Sadaka da aka kafa a 2000 tana raba wani kaso na abin da ta tara a matsayin jari da kayan sana'a, abin da ke nuna cewa zakkar da aka tara wuri guda ta fi wadda aka watsa Naira dubu-dubu a ƙofar gida tasiri.

Abin da Ya Rage ga 'Yan Kasuwa

Ɗan kasuwar da ƙungiya ta zo neman gudunmawarsa yana da haƙƙin ya yi mata tambayoyin da zai yi wa abokin ciniki. Ya nemi takardar rajistarta da sunayen amintattunta da rahoton binciken kuɗinta. Ya tambayi mutum nawa cikin waɗanda ta yaye bara ke kan aiki har yanzu, nawa suke samu a wata, kuma nawa aka kashe kan kowane ɗaya. Ya tambayi waɗanne kamfanoni ne suka yi alkawarin ɗaukar ɗalibai tun kafin a fara horon. Ƙungiyar da amsarta ta tsaya ga yawan waɗanda suka halarci taro ba ta cancanci kuɗinsa ba.

Abu na biyu, gurbin koyon aiki ya fi kyautar kuɗi daraja. Mai gareji ko gidan burodi ko kamfanin sufuri ko shagon haɗa wutar sola da ya karɓi matasa biyu na wata shida, ƙungiya tana biyan kuɗin abincinsu tana kuma tsaya musu, ya rage wa kansa kasadar ɗaukar wanda bai sani ba. Idan ya riƙe su, wajibi ne ya rubuta musu sharuɗɗan aiki, ya sanya su cikin inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, ya kuma nuna musu tsarin fansho na masu ƙananan sana'o'i da aka ƙaddamar a 2019. Ma'aikacin da ya san ba za a yar da shi ranar ciwo ba ya fi riƙon amana.

Abu na uku, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Hausawa da fadojin Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni su ne suka san yaran da sunayensu da garuruwan iyayensu. Za su iya yin rajista a matsayin amintattu, su tattara sunayen matasa da sana'ar da kowa ya iya, su taimaka musu samun katunan shaida, su nemi manyan gidauniyoyi su kawo horo cikin harshen Hausa, a kuma tsara shi da rani. Gidauniyoyin suna da kuɗi da malamai, amma ba su san hanyar Zango ba, kuma ba za su san ta ba sai an je an yi musu jagora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun daga dokar hanya ta 2012, wadda ta hana babura bin hanyoyi 475, zuwa hanin 2020 da na 2022, manufar Gwamnatin Legas kan acaɓa ba ta sauya alkibla ba, kuma sauran sana'o'in bakin titi ba su tsira daga irin wannan hukunci ba. Matasa kuwa ba su daina sauka daga manyan motoci a Agege da Mile 12 ba. Ko za su zama ƙwararrun ma'aikata da abokan ciniki, ko kuwa su zama nauyi a wuyan unguwa, ya danganta ne ga shirin da shugabanni da masu hali suka yi tun kafin wata sanarwar ta fito.